Yadda zaka gane tekila mai kyau tun kafin ka buɗe kwalbar

Wannan rubutun na masu shan giya ne da kuma yaranmu da suke aiki a otal da mashaya, a Abuja ko Jos ko Legas ko Accra, baƙo ya zo ya ce a bashi tekila mai kyau su kuma sai su miƙa hannu su ɗauko wadda kwalbarta tafi ƙyalli. Na san da yawa daga cikin masu karanta Hausa basa sha, addini ya hana, kuma a jihohi irinsu Kano da Zamfara doka ma ta hana sayarwa, wannan ba abin jayayya bane, wanda baya sha kar ya fara. Amma wanda dama yana sha, ko kuma sana'arsa ce zuba wa mutane, gara ya san abinda yake riƙe da shi a hannu, domin gaskiya abin yana damuna yadda ake biyan kuɗi mai yawa ana sayen ruwan sukari mai kala da sunan tekila, a kwankwaɗe shi da gudu, gobe a tashi da ciwon kai a ce wai haka tekila take. Ba haka take ba.

Ita dai tekila giyar ƙasar Meziko ce, kuma daga tsiro ɗaya tak ake yinta, shuɗin agabe. Tsiro ne mai dogayen ganye masu kauri da tsini a baki kamar mashi, kalarsa tsakanin kore da shuɗi-shuɗi, kuma ba a shuka shi bana a girbe baɗi, sai ya yi shekara 6, 7, wani har 8 a gona kafin ya nuna. Idan ya nuna sai manomin da suke kira jimador ya zo da wani ƙarfe mai dogon ƙota da faffaɗan baki zagayayye mai kaifi, sunansa coa, ya tumɓuke tsiron ya dinga sare ganyen ɗaya bayan ɗaya yana juya shi da ƙafa har sai zuciyar kaɗai ta rage, wata ƙatuwar dunƙule fara mai tabo-tabon kore, in ka ganta zaka ce abarba ce aka hura. Guda ɗaya tana kai kilo 30 zuwa 60, wata ma ta wuce. Yadda ya sare ganyen ma yana da tasiri, in ya bar gindin ganyen da yawa giyar zata yi ɗaci, shi yasa gidajen da suka damu da aikinsu suke so a aske ta sosai. Wajen kilo 7 na wannan zuciyar ake buƙata kafin a samu lita ɗaya ta tekila tsantsa. To ka haɗa shekarun jira da wannan nauyin, zaka gane dalilin da yasa wasu kamfanoni suke neman hanyar yanke.

Hanyar yanken kuwa doka ce ma ta basu. Dokar Meziko ta raba tekila gida biyu. Akwai wadda duk sukarin da aka tsima daga agabe ya fito, ita ce zaka ga an rubuta 100% de agave ko 100% puro de agave a jikin kwalba. Akwai kuma wadda aka yarda kashi 51 cikin 100 kawai ya zama agabe, sauran 49 ɗin a cika da sukarin rake ko na masara, ita masu harkar suna ce mata mixto, amma bazaka taɓa ganin wannan kalmar a jikin kwalba ba, Tequila kawai zasu rubuta su yi shiru. Kamar zuma ce da aka sirka da narkakken sukari, sunan zuma na nan amma wanda ya san ta asali yana lasa zai gane. Dan haka abu na farko, kafin farashi, kafin sunan kamfani, kafin komai, ka juya kwalbar ka nemi 100% ɗin nan. In babu, ajiye ta. Kar rubutu irin "an yi da shuɗin agabe" ya ruɗe ka, mixto ma ai da agabe aka yi ta, rabin ne dai. Kuma kamfani ɗaya yana iya yin duka biyun, Jose Cuervo Especial mixto ce amma Jose Cuervo Tradicional 100% ce, Olmeca ta yau da kullum da ake gani a kulob mixto ce amma Olmeca Altos 100% ce, kaga kenan sunan gida kaɗai bai isa ba sai ka karanta.

Wani abin da ya sa 100% ɗin ta fi kwanciyar hankali, dole a Meziko za a zuba ta a kwalba, a yankin da aka yi ta. Mixto kuwa ana iya lodata a manyan tankuna a fita da ita waje a zuba a can.

Abu na biyu lambar NOM. Ka duba gaba ko bayan kwalbar, galibi da ƙananan haruffa, zaka ga NOM da lambobi huɗu, kusa da su kuma haruffa CRT. Wannan CRT ɗin hukuma ce da take sa ido kan tekila tun 1994, ita kuma lambar tana nuna ainihin masana'antar da aka dafa giyar. Tun 1974 gwamnatin Meziko ta killace sunan, ba wanda zai kira giyarsa tekila sai an yi ta a jihar Jalisco ko wasu keɓaɓɓun ƙananan hukumomi a Guanajuato, Michoacán, Nayarit da Tamaulipas. Kwalbar da babu NOM babu CRT ba tekila bace ko da an zana mata hular Meziko goma a jiki. Lambar tana da wani amfanin kuma, ka buga ta a intanet a wayarka nan take zaka ga sunan masana'antar da duk sauran giyar da take yi. Don Julio 1449 ce, Patrón 1492, Herradura 1119, Cuervo 1122, Siete Leguas 1120, Fortaleza 1493, sai 1139 ta La Alteña inda ake yin Tapatío da El Tesoro. Sunayen tekila a kasuwa sun ninka masana'antun sau da yawa, wata masana'antar ita kaɗai tana yi wa sunaye barkatai giya, kowa ya kawo kwalbarsa da tallarsa. Ba lallai hakan ya zama laifi ba, amma in ka ga kwalbar da ake sayarwa da tsada ta fito daga tukunya ɗaya da wata mai araha, to ka san mafi yawan kuɗinka gilas da talla ya tafi.

Maganar talla, shekarun nan taurarin Amurka sun shigo harkar sosai, George Clooney da abokansa sun kafa Casamigos suka sayar wa kamfanin giya Diageo a 2017 kan kuɗin da ya kai dala biliyan 1, tun daga nan kowane mai suna sai ya fito da tasa. Ni dai ra'ayina, fuskar tauraro bata dafa agabe. Gidajen da suka daɗe, Herradura tun 1870 a garin Amatitán, Sauza tun 1873, iyalan Camarena masu La Alteña a garin Arandas tun 1937, duk a Jalisco, su na fi saurare in ana maganar ɗanɗano.

Yanzu sai nau'o'in, wato blanco da reposado da añejo da kake gani a rubuce. Blanco, wasu su rubuta plata ko silver, ita ce fara tas kamar ruwa, daga tukunya zuwa kwalba, in ma an ajiye ta bata kai wata 2 ba. Reposado ta kwanta a gangar katakon oak daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara, tana da ɗan ruwan ɗorawa. Añejo shekara 1 zuwa 3 a gangar da bata wuce lita 600 ba, ta fi duhu, extra añejo kuwa shekara 3 zuwa sama, a 2006 aka shigo da wannan rukunin. Mutane suna ɗauka wadda tafi daɗewa ita tafi kyau tunda ita tafi tsada, ni ban yarda ba. Ganga tana ƙara ƙamshin katako da banila da ƙonannen sukari, amma tana danne ɗanɗanon agaben, añejo da yawa in ka rufe ido zaka ɗauka wuski ko birandi kake sha. In kana so ka san ko gida ya iya aikinsa, blanco ɗinsa zaka ɗanɗana, nan babu inda za a ɓoye kuskure. Wanda yake son abu mai laushi ya fara da reposado, tana tsakiya, agaben bai ɓata ba kuma zafin ya ɗan kwanta.

Wadda nake so ka yi hattara da ita ita ce mai rubutun gold ko oro ko joven. Kalarta ruwan zinare, mutum ya ɗauka ta kwana a ganga, alhali yawanci mixto ce fara aka ɗiga mata kalar ƙonannen sukari. Akwai joven ta kirki wadda aka haɗa blanco da tsohuwa kuma 100% ce, amma ba ita aka fi gani a kanti ba. Sai cristalino da ake yayi yanzu, añejo ce aka tace da gawayi har kalar ta fita ta koma fara, tana da santsi a maƙogwaro ba ƙarya, amma kana biyan kuɗin shekarun ganga sannan a tace maka rabin abinda gangar ta bayar, ni bana ba kowa shawararta a matsayin kwalbar farko.

Akwai kuma wani abu da ko 100% ɗin bata tsira daga shi ba. Doka ta yarda a ƙara wasu abubuwa huɗu dan gyara ɗanɗano, kalar ƙonannen sukari, ruwan katakon oak, gilisarin da ruwan sukari, in dai basu wuce kashi 1 cikin 100 ba ba sai an rubuta a kwalba ba. Kashi 1 kamar ba komai, amma abubuwan suna da ƙarfi sosai, shi yasa zaka sha wata tekilar kaji kamar kek ko alewa, zaƙi ya manne maka a harshe. Ga gwajin da masu mashaya suke yi, ka ɗiga kaɗan a tafin hannu, ka murza hannuwanka biyu har ya bushe, sannan ka haɗa tafukan ka raba. In sun bushe ƙarau babu komai, alama ce mai kyau. In kaji danƙo-danƙo yana kama fata, akwai yiwuwar an sa mata sukari ko gilisarin. Ba hujja bace ta kotu amma tana taimakawa, sannan ka shinshina hannun, tekila ta gari tana barin ƙamshin dafaffen agabe, wani ƙamshi mai kama da gasasshen dankalin Hausa da ɗan zuma-zuma da ɗanyen ganye.

Wannan ƙamshin daga wajen dahuwa yake zuwa. Gidajen gargajiya suna faskara zuciyar agaben su jera ta a tanderun bulo su turara ta a hankali kwana ɗaya zuwa biyu ko fiye, har ta koma ruwan ƙasa ta yi laushi ta yi zaƙi. Wasu suna amfani da babbar tukunyar ƙarfe mai matsin tururi da take gamawa cikin awanni, ita ma in an bi a hankali tana bada abu mai kyau. Wadda masana suka fi ƙorafi akai ita ce injin da ake kira difusor, shi ɗanyen agabe yake yagawa ya wanke sukarin da ruwan zafi, ba ɓarna ba asara, amma giyar sai ta fito salam, daga nan kuma sai a nemi abin ƙarawa. Bayan dahuwa sai matsa, a da da wani ƙaton dutse zagayayye mai nauyin wajen tan 2 ake yi, tahona, alfadari yana jansa yana zagaya rami, har yau Fortaleza da El Tesoro da Siete Leguas suna amfani da dutsen. Sai a bar ruwan ya tsimu kwanaki, sannan a dafa a tara tururin sau biyu, da yawa a tukunyar jan ƙarfe. Gidan da yake bin doguwar hanya baya ɓoyewa, zaka ga ya rubuta horno, wato tanderun bulo, ko tahona a bayan kwalba yana alfahari. Wanda yayi shiru kan yadda ya dafa amma ya cika takardar da labarin kakanni da taurari, ka ɗan ja baya.

Inda aka noma agaben ma yana canza ɗanɗano. Na tudu, Los Altos, wajen Arandas da Atotonilco, ƙasar ja ce, tudun ya haura matakin teku da sama da mita 1,500, tekilarsu tafi zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace da fure. Na kwari, kewayen garin Tequila kansa da Amatitán a gindin tsohon dutse mai aman wuta, tafi ƙamshin ƙasa da ganye da yaji-yaji kamar masoro. Gonakin kwarin nan da tsofaffin masana'antunsu UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2006. Babu wadda tafi wata, harshenka ne zai zaɓa.

Wasu suna cewa ana sa tsutsa a kwalbar tekila, amma babu ruwan tekila da ita. Wasu kwalaben mezcal ne ake sa wa, ita mezcal 'yar'uwarta ce, an fi yinta a jihar Oaxaca ta Meziko da agabe iri-iri, ana gasawa a rami shi yasa take ƙamshin hayaƙi. Ka ga tsutsa a kwalbar da aka rubuta tekila, jabu ce.

Jabun nan shine abinda yafi tsorata ni a ƙasashenmu. Ana tara kwalaben da aka shanye a otal da kulob a sake cika su da abinda Allah kaɗai ya sani a manna murfi. Wani lokacin da sinadarin methanol ake haɗawa, shi kuwa yana makantarwa yana kashewa, a 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas saboda ogogoro mai irin wannan gubar. Ka sayi kwalbarka a babban kanti ko wajen dilan da aka sani, ka duba hatimin murfi ko an taɓa shi, ka duba takardar ko ta karkace ko rubutun ya dusashe ko akwai kuskuren haruffa, a Najeriya ka nemi lambar NAFDAC. In aka ce maka Don Julio a rabin kuɗinta, araha bata ado, ka bar musu kayansu. Ku kuma masu aiki a mashaya, dan Allah in kwalba ta ƙare ku yage takardar ko ku fasa ta, kar ku sayar wa masu zuwa neman kwalaben wofi, kun san me zasu yi da su.

To ka samu mai kyau, yaya zaka sha? Salon nan na lasar gishiri a bayan hannu, a watsa giyar a maƙogwaro a tsotsi lemun tsami, amfaninsa ɗaya ne, ya kashe ɗanɗanon giya mara kyau. Wanda ya sayi 100% ya yi mata haka yayi asarar kuɗinsa. A Jalisco kurɓa ake yi a hankali ana hira. Suna da ɗan siririn kofi mai tsawo da suke kira caballito, amma in kana son ƙamshin sosai ka samu kofin gilas mai ƙafa mai tsukakken baki irin na shampen ko na farin wayin. Kar ka sa kwalbar a firiza, sanyi yana kulle ƙamshi, a zafin ƙasarmu dai ka ajiye ta inda yafi sanyi a ɗaki. Ka zuba kamar mililita 30 zuwa 45, ka bar shi ya huta minti biyu uku, ka kawo hanci bakin kofin bakinka a ɗan buɗe, kar ka cusa hancin ciki zafin barasar zai doke ka. Kurɓar farko 'yar kaɗan ce, ta jiƙa harshe kawai, ita bata ƙirguwa domin baki bai saba ba. A ta biyu ne zaka fara jin abubuwa, zaƙin agabe da farko, sai ɗan yaji, wata da ɗanɗanon ɓawon lemu, ka haɗiye ka fitar da numfashi ta baki a hankali. Mai kyau tana ɗumama ƙirji ne, bata kartar maƙogwaro.

Mutanen can suna haɗa ta da sangrita, wani ɗan ruwa ja mara barasa, ruwan lemun zaƙi da lemun tsami da barkono da gishiri, wasu su sa tumatir wasu rumman, a kofi daban, ka kurɓi wannan ka kurɓi wancan. In aka jera kofi uku, lemun tsami da blanco da sangrita, kore da fari da ja, kalar tutarsu kenan, bandera suke ce masa. Gasasshen nama mai yaji yana shiga da blanco sosai, tsire ko balangu da albasa da tumatir ba abinda ya raba su da irin abincin da ake ci da ita a can.

In kuma haɗi kake so, duniya tafi sanin margarita, kashi 2 tekila, kashi 1 ruwan lemun tsami sabon matsa, kashi 1 Cointreau, wata giya mai zaƙi da ɗanɗanon lemu, a girgiza da ƙanƙara a shafa gishiri a bakin kofi. Amma su 'yan Meziko paloma suka fi sha a gida, kuma tafi sauƙi, dogon kofi cike da ƙanƙara, mililita 50 na blanco, rabin lemun tsami, ɗan gishiri a yatsa biyu, a cika da lemun kwalba na garehul. In baka samu na kwalba ba ka matse garehul ɗin da kanka ka sa ɗan sukari da ruwan soda, ya ma fi daɗi. Kar dai ka zuba añejo mai tsada a haɗi, blanco ko reposado ta 100% mai matsakaicin farashi ta isa. Wani abin da zai baka mamaki, zoɓon nan namu 'yan Meziko suna shansa sosai, agua de jamaica suke kiransa, kuma da yawa daga cikin furen da suke jiƙawa daga Jigawa da Kano ake kai musu. Yana shiga da tekila, sannan in kana da baƙon da baya shan giya, zoɓo mai sanyi da lemun tsami da gishiri a bakin kofi ya wadatar, kar ka matsa wa kowa.

Ƙarfin tekila daga kashi 35 ne zuwa 55 cikin 100, mafi yawan wadda ake gani 38 ko 40. Ɗan kofin nan na mililita 45 daidai yake da ƙaramar kwalbar biya guda, kuma santsin mai kyau yana sa mutum ya manta da hakan, 100% ma tana bugarwa tana cin hanta kamar kowace barasa. Ka ci abinci tukuna, ka ajiye ruwa a gefe kana kurɓa, kofi ɗaya ko biyu ka tsaya. Wanda zai tuƙa mota ko babur, mai juna biyu, mai shan magani, mai ciwon hanta ko olsa, yaron da bai kai 18 ba, babu su a ciki, kai kuma mai zubawa in kaga kwastoma ya fara layi ka daina bashi ko da oga zai ɓata rai.

Kwalbar da ka buɗe ka ajiye ta a tsaye, ba a kwance ba, barasar tana cin toshiyar murfi, nesa da rana da zafin kicin, ka rufe sosai. Tekila bata ƙara tsufa a cikin kwalba, blanco ta shekara goma a kabad blanco ce har yanzu, kuma da zarar ta yi ƙasa da rabi iska tana fara cinye ƙamshin, in ka ga zata daɗe sai ka juye ragowar a ƙaramar kwalbar gilas mai tsafta ka toshe.